Ranar da Hannuna Ya Kai Kunne

Wata safiyar Laraba, a kakar shekarar da rijiyar garinmu ta rufta, aka tara mu yara ƙarƙashin gawon ƙofar maigari. Garin namu ƙauye ne kusa da Kore Mairuwa. Mushe, wato malamin lakwal, makarantar boko ke nan, ya zo daga Dogon Dutsi a kan keke, da babban littafi ɗaure a bayan sirdi, ya ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya. Babu mai takardar haihuwa a cikinmu, don haka da hannu ake awon shekaru. Yaro zai ɗora hannun dama bisa kansa ya nemi kunnen hagu. In yatsa ya taɓa, ya isa shiga lakwal.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ni da wana Nomau. Shi ke gaba a komai. Shi ke kora awaki fadama, ni ina biye da sanda ina kaɗo musu 'ya'yan gawo. In hatsi ya fara nuna, shi ke hawa dakalin tsaro yana jan igiyar gwangwanaye, ni kuwa sai in yi kwance a inuwar sabara har tsuntsaye su ƙoshi. A langa babu mai ture shi. Amma abin da ya fi so shi ne zane. Wani Kirista mai ɗinki da ke zuwa cin kasuwarmu ya taɓa nuna masa haruffa biyar, tun daga ranar duk inda ƙasa ta yi laushi, a bakin rumbu ko a masussuka, sai ka tarar da su a jere. Gida duka an san Nomau ne zai tafi. Ni ɗan tsamurmuri ne mai yawan zazzaɓi, shi ya sa Inna ta ja ni bayan turmi ta ce, "Kai dai ka lanƙwashe hannu, kar ka miƙe shi."

Na yi niyyar bin maganarta. Sai dai da layi ya zo kaina, yaran unguwa suka fashe da dariya, wani ya ce, "Wannan ko hancinai ba ya taɓowa!" Zuciya ta ɗebe ni. Na karkace wuya, na miƙa hannu har kafaɗata ta yi ƙara, na damƙo kunnen. Mushe ya dube ni, ya dubi Nomau da ya fi ni tsawo da kai guda, ya ce babban ya wuce lokaci, ƙaramin zai fi daɗewa a aji. Ya rubuta sunana. Nomau ya ɗauki hauyarsa ya nufi gona, alhali a kaka babu abin nomewa.

Wannan miƙa hannun shi ya kai ni Yamai, ya kai ni Abijan da Kumashi da Kano. Na yi aiki da Faransanci, na yi ciniki da Zabarmanci, na tsinci Ingilishi a hanya. Na ga ƙasashen da ake rubuta har sa'ar da aka haifi jariri, ni kuwa takarduna duk cewa suke an haife ni wajen shekara kaza. Nomau yana nan gonar mahaifinmu. In na je gida mukan yi hirar damina da aure da rasuwa, amma zancen gindin gawo ba mu taɓa ɗauko shi ba.

Bara jikata Hadiza ta sa mini wata manhajar rubuta abin da ya faru kullum a kwamfutar teburina, tana tsokanata wai in zuba surutuna a can in ƙyale kunnenta ya huta. Na saba da ita. Bayan karin kumallo nakan zauna in rubuta hawan jinina da baƙin da suka zo, daga baya na koma rubuta ƙuruciya. Manhajar tana da ɗabi'a ɗaya: kowane shafi sai ta liƙa masa rana da wata da shekara. Na rubuta labarin nan tsaf, na rasa ranar da zan ba shi, domin in na bar ta, ranar yau za ta sa. Da wannan hujjar na kira Nomau a waya.

Na tambaye shi ranar da Mushe ya zo garinmu. Ya ce, "Laraba ta, kwana tara bayan an ɗaure damin ƙarshe. Injin naka ya san wannan?" Na ce bai sani ba. Ya ce, "To rubuta mishi. Ka ƙara da cewa shekara bakwai ina jin haushinka. Na daina ran da Inna ta kwanta a likita, kai ka karanta takardar magani, ni na goya ta." Ya yi tari, ya ƙara da cewa, "In ka zo, ka karanta min in ji ko ka yi ƙarya."

Na rubuta kalamansa yadda ya faɗe su, na sa wa shafin ranar da muka yi wayar. Yau jikokinmu suna da ranar komai, hoton da suka ɗauka ma yana zuwa da sa'arsa, amma ka tambaye su abin da ya faru makon jiya sai sun duba waya. Mu da muka tashi babu kalanda, ranakunmu a cikin mutane muka ajiye su. Tawa tana wurin Nomau duk shekarun nan, tambaya ce kawai na kasa yi.