Rijiyar da Baffa Ya Buɗe

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, akwai rana ɗaya da ba zai iya ɗauka ba. Ita ce ranar da Baffana ya tuntsurar da randar ruwa a tsakiyar gidan makoki a Kalgo, mata na zaune suna kallo. Shekaru sun ja, amma har yau in na ji tukunya ta fashe sai gabana ya faɗi.

Baffa ƙanin mahaifina ne, a Gwandu aka haife shi. Yadda aka yi mutumin da ya tashi inda babu teku ya zama sojan ruwa, wannan kam Allah kaɗai ya sani. Abokan wasansa sun sha tsokanarsa cewa ko fadama bai iya tsallakewa ba aka ba shi jirgi. Ya yi shekaru tsakanin Legas da Fatakwal, kuma a jirgin nasu shi ke kula da ruwan da sojoji ke sha. Da ya ajiye kaki sai ya koma makaranta ya karanci kimiyyar sinadarai, ya ƙare aikinsa a ɗakin gwajin ruwa. Wannan aiki ya bar masa wata ɗabi'a da ta ishe mu. Ba ya shan ruwa sai ya ɗaga shi ga rana, ya ƙura masa ido, ya sansana. A gidan biki ma haka yake yi, a gaban masu gida, mu kuwa kunya kamar mu nutse.

Da ya yi ritaya ya dawo gida, sai wata sabuwa ta kama shi, wato asalin zuriyarmu. Yana da wani tsohon babur da ake jin zuwansa tun daga bakin gari. Da shi yake zagaya Dalijan da Malisa da Kambaza, ya zauna gaban tsofaffi da ɗan goronsa, yana tambayar wa ya haifi wa, wa ya auri wa. Duk a ka yake riƙewa. A suna ko biki ko gaisuwar mutuwa, da an ɗan yi shiru sai Baffa ya gyara murya ya fara jero kakanni. Mu matasa mukan zungure juna mu sulale, don in ya fara sai tuwo ya huce.

A wannan yawo ne ya gano cewa asalinmu ba Gwandu ba ne. Kakan mahaifinsa a gefen Kalgo ya zauna, har ya haƙa rijiya, daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma Gwandu, wai don neman karatu. Akwai sauran danginmu a gidan, jikokin wani ƙanin mai rijiyar da suka dawo suka zauna daga baya. Baffa ya bi ya bi har ya samo rijiyar a bayan gidan, cike da duwatsu, ciyawa ta rufe ta, kowa ya ɗauka rushewa ta yi. Ya ɗauko masu haƙa, suka kwashe duwatsun suka tara a gefe, suka yashe ta har ruwa ya ɓullo.

Ina wurin ranar da aka jawo gugan farko. A lokacin an mai da mijina koyarwa a Kalgo, Baffa kuwa ya tsaya kai da fata sai mun zauna a gidan dangi. Ruwan garau yake, ga sanyi. Baffa ya karɓi ƙwarya, ya kafa kai ya shanye, hawaye na bin gemunsa. Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Baffa, yau ba a ɗaga wa rana?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke ɗiyag ga, ruwan kakana za ni ɗaga ma rana? Wanga ai albarka ta."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Wallahi da na san abin da ke cikin wannan ƙwaryar, da na kaɓe ta daga hannunsa.

Daga nan gidan ya bar zuwa famfon unguwa, wanda dama sai an yi layi. Baffa ya riƙa ba da labarin rijiyar ko'ina, har 'yan Gwandu kan zo da jarka su ɗiba don wankan jariri. 'Yata ta fari a lokacin ta fara tafiya, ga surutu kamar me. Duk kalmar da ta ji sai ta maimaita, har ƙarar babur ɗin Baffa takan kwaikwaya da baki. Shi kuwa ya ɗauki son duniya ya ɗora mata.

Aka ci damina, aka sake cin wata daminar, sai yaran gidan suka fara lalacewa. Manya lafiyarmu lau. Su kuwa ƙanana sai ciwon ciki, da ƙin abinci, da kuka marar dalili. Wannan ta ce haƙori ne, waccan ta ce shawara ce, wata ta ce iska. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi rubutu, kuma duk da ruwan rijiyar ake haɗawa. 'Yata ta rame, surutun ya ragu, ta koma sai kallo. Sai kuma ɗan makwabciyar ɗakina, sa'anta, ya kama jijjiga wata safiya, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Baffa ya zo gaisuwa. Bayan ya zauna da maza a waje, ya shigo cikin gida wurin mata, aka shimfiɗa masa tabarma kusa da rumfar randuna. Ina gefe, 'yata na kwance a cinyata, jikinta sharaf. Kakar mamacin ce ta ce masa, "Malam, hwaɗa muna kakanni ko zuciya ta yi sanyi, mu san yaron ga ya iske nashi."

Ya fara a hankali, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya zo kan mai rijiya. "Ya haifi na hwari nan Kalgo, bai kai yaye ba yar rasu. Ta biyu tana tatata tar rasu. Mai bi mata shi ma bai daɗe ba. Sa'annan yat tashi yak koma Gwandu, can anka haifi kakanmu da ƙannenai, duk sunka rayu, sunka tsufa..."

Sai ya tsaya. Wannan jerin ya faɗe shi sau ba adadi a gabanmu, bai taɓa tsayawa a nan ba. Bakinsa a buɗe, idonsa ya bar fuskokinmu ya koma kan randa. Ya dubi 'yata, ya sake duban randa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana ba sai ranar.

Ya ce, "Ɗiyan ga, wane ruwa kuke ba su?"

Wata ta ce, "Na rijiya mana, Baffa. Wane muke da shi?"

Ya miƙe kamar an tsikare shi. Wata yarinya ta ɗebo moɗa za ta ba ƙaninta, ya fizge ya watsar. Ya sa hannu biyu ya ture babbar randar, ta faɗi ta tarwatse, ruwa ya bi ƙarƙashin tabarmin masu makoki. Mata suka ɗauki salati. Uwar mamacin ta fasa kuka. Wasu suka ce baƙin ciki ne ya taɓa shi, wasu suka ce dama tsohon soja ba ya rasa taɓin kai. Shi ko bai saurari kowa ba. Ya ɗauki wata kwalba, ya nufi rijiya ya cika ta, ya dawo ya tsaya a kaina.

"Tashi ki goya ta. Yanzu za mu Birnin Kebbi."

Na ce, "Baffa, me ya faru?"

Ya ce, "Ki tashi nic ce." A kan babur ɗin muka tafi, sai a ƙofar asibiti na lura ko takalmi bai sa ba.

Aka ɗebi jinin 'yata, shi kuma ya kai kwalbar wurin tsofaffin abokan aikinsa. Sakamakon biyu suka zo da magana ɗaya. Akwai gubar dalma a ruwan, daga ƙasar da rijiyar ta ratsa take fitowa. Ba ta da wari, ba ta da launi. Babba zai daɗe yana sha bai ji komai ba, amma ƙaramin yaro ƙwaƙwalwa take taɓa masa. Baffa da kansa ya yi mini bayani a barandar asibitin, kalma bayan kalma, kamar mai karanta wa kansa hukunci.

Abin takaici, mutanen gidan ba su yarda nan take ba. Mai gidan, wani dattijo, ya ce masa, "Kai kac ce albarka ta. Kai kat tara mu, kas sha gabanmu. Yau kuma ka ce guba? Mutuwa ai ta Allah ta."

Baffa ya ce, "Ni nic ce, kuma ban duba ba. Laihina na. Amma ba mai sake jan guga nan ina da rai."

Ya je ya tsaya a bakin rijiyar, tsayuwar gadi irin ta soja, rana na dukansa, da tsufansa da komai. Duk wadda ta zo da guga sai ya ce ta koma. Da yamma ta yi ya fara ɗaukar duwatsun nan da aka tara a gefe, yana jefawa ciki ɗaya bayan ɗaya. Mijina da ya taya shi ya ba ni labari cewa yana jifa yana magana shi kaɗai: "Ba rushewa tay yi ba. Ruhe ta yay yi. Da hannunai yar ruhe ta, ni kuma niz zo nib buɗe." Sai da suka ga hannunsa na jini sannan samarin gidan suka kama masa.

'Yata ta rayu, na gode wa Allah. Amma yarinyar nan mai surutu ba ta dawo ba. Magana ta zame mata aiki, karatu ya ƙi zama. Yanzu ta zama budurwa, tana iya wanki da shara, tana da fara'a, amma ko aike ba na iya yi mata ita kaɗai. Ba zan ɓoye ba, na yi fushi da Baffa, fushi mai tsanani. Mutumin da ya gwada wa baƙi ruwa tsawon rayuwarsa, a ce namu ne bai gwada ba. Shi kuwa bai taɓa kare kansa ba. Duk mako sai ya zo daga Gwandu, ya zauna da ita a tabarma, yana nuna mata abubuwa yana faɗin sunansu, ta maimaita ko ta kasa. Ganin haka ne ya sanyaya mini zuciya, har wata rana na ce masa na yafe. Ya ce, "Na ji, Allah shi yi miki albarka." Amma ban ga alamar nauyin ya ragu ba.

Tun daga ranar makokin bai sake jero kakanni a taro ba. Sai da ciwon ajali ya kwantar da shi ya aika a kira ni. Ya ce duk cikin dangi ni yake so in riƙe. Na zauna gefen gadonsa yana faɗa ina maimaitawa, ni da a da nake gudu in ya fara. Da muka zo kan rijiya sai ya kama hannuna.

"In kin kawo nan, kak ki tsallake. Ki hwaɗi wanda yag gina ta, ki hwaɗi ɗiyan da tac ci, ki hwaɗi dalilin da yas sa anka ruhe ta. Sa'annan ki hwaɗi wanda yab buɗe ta bai duba ba. Da sunana za ki hwaɗi."

Na ce, "Baffa, ba zan iya ba."

Ya ce, "Ai haka waɗancan sunka yi. Sunka ce neman karatu, sunka bar sauran."

Yanzu ni ake kira a suna da biki in jero kakanni, kuma ina faɗa yadda ya umarce ni. 'Yata kan zauna kusa da ni. Ba ta gane labarin, amma da ta ji sunansa sai ta washe baki tana waige-waige ko zai shigo. Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, son abu bai isa ya hana a duba shi ba, kuma in za ka ba na baya tarihi, ka ba su har da ɓangaren da ke da ciwo. Da wani a cikin kakanninmu ya daure ya faɗi dalilin barinsu Kalgo, da yau 'yata ce ke tsokanata in na fara, tana cewa tuwo zai huce.