Ranar da Mutari Dogo Ya Kai Teyatur Kasuwar Illela

A Birnin Konni, zamanin da ƙungiyar matasa ta samariya ke da ƙarfi, kowace unguwa tana da 'yan wasan kwaikwayonta, abin da ake ce wa teyatur. Na unguwar su Mutari Dogo wani tela ne ke jagorancinsu, Na'Allah, dattijo mai sanyin magana. Mutari ya daɗe cikinsu, amma bai taɓa wuce a ba shi jandarma ba, shi ma don tsawonsa. Ya tsaya da hula da kulki, ya daka tsawa, a kama ɓarawo, aikinsa ya ƙare. A lakwal, wato makarantar boko, bai yi nisa ba aka koro shi. Gona kuwa, da ya duƙa sai ciwon baya ya tashi, ba ya kwantawa sai an kai gero rumbu.

Abin kirki guda da ya samu a duniya shi ne Saratu, 'yar Malbaza. Yadda aka yi ta yarda da shi har yau mutane ba su gane ba. Ita ke dama fura ta kai tasha, ita ke ci da gidan, ita ke wanke masa rigar da yake yawo da ita. Ba ta da yawan magana. In ya cika ta da surutu sai ta ce, "To, maigida," ta ci gaba da dakanta.

Wata shekara bayan kaka ya bi motar albasa zuwa Yamai. Motar ta lalace can, ya yi 'yan makonni yana gararamba. A nan ya faɗa hannun wasu 'yan makaranta masu nasu teyatur a bayan wani gida. Ba labule, ba ganga, ba kayan wasa. Wani ya kwanta ƙasa yana nishi, wani ya kifa bokiti a ka yana zagaya shi, masu kallo kuma ba su cika benci biyu ba. Wani lokaci sukan fita titi su tada rigima ta ƙarya, sai jama'a ta taru su ce wasa ne, a zauna a yi muhawara. Aikin da suka ba Mutari ɗaukar benci ne. Amma da ya dawo Konni, da 'yar hular Faransa a karkace da gemu kamar na bunsuru, sai ka rantse shi ya koya musu.

Ya iske Na'Allah a shago yana ɗinkin wando, ya tsaya masa a ka.

"Baba Na'Allah, abin ga da kuke yi ba teyatur ba ne, wasan yara ne. A Yamai an bar wanga tun tuni. Teyatur na gaskiya ba a canza suna, ba a canza tufafi, ba a haddace magana. Mai kallo ma bai san yana kallo ba."

Na'Allah bai ɗaga ƙafa daga keke ba. "To in bai san yana kallo ba, mi ya kalla?"

"Kun gani? Shi ya sa kuke baya."

Ya zayyana shirinsa. Zai tafi Illela ta cikin ƙasa, ba ta Najeriya ba, ran kasuwa, inda ba a san fuskarsa ba. Zai yi wasa a kan mazan da ke sakin mata a kan abin da bai kai ya kawo ba. Miji ya tada faɗa a kan fura, ya saki matar a gaban jama'a, sannan a bayyana wasa ne, kowa ya faɗi ra'ayinsa.

Nan Na'Allah ya tsayar da keke. "Wa za ta yi matar?"

"Saratu."

"Ɗauki Labo ya ɗaura zane."

Wannan ita ce al'adar ƙungiyar tun kafin Mutari ya yi wayo. Duk wasan da saki ya shigo ciki, Labo mai gyaran keke ke ɗaura zane da kallabi, ya maƙale murya. Ko da aka fara sa mata cikin wasa, Na'Allah bai taɓa haɗa miji da matarsa ba, kuma in an zo kan kalmar, makaɗi yakan buga ganga ta rufe ta.

Mutari ya yi dariya har hularsa ta zame. "Labo da ƙwaurinsa kamar taɓarya? Wa zai yarda mace ce? Ni gaskiya nike so."

"Mutari, bakin miji ba ya wasa da wagga kalma."

"Ai camfin da na zo in kashe ke nan."

Na'Allah ya dube shi, ya mai da kai ga wandonsa.

A gida Saratu ta yi tambaya guda. "In mun kai wurin, mi za ka ce?"

"Abin da ya zo baki. Ke dai ki yi kuka."

"To, maigida."

Ran kasuwa suka shiga motar Illela da hantsi, ita da ƙwaryar fura, shi da hularsa a aljihu don kada a gane ɗan birni ne. Ta zauna kusa da 'yan hatsi, ya zagayo kamar wanda ya fito daga gida. Ya kurɓi furar, ya furzar, ya ce ta yi tsami. Ta ce nonon Fulani ne na safiyar nan. Ya ce tana mai da masa magana. Ya shuri ludayi.

Mutane suka fara taruwa. Masu awon gero suka bar tiya, wani Buzu ya tsaya da raƙuminsa yana leƙe ta saman kawuna. Mutari ya waiga ya ga taron da bai taɓa samu ba duk shekarunsa na jandarman ƙarya, kuma kowa shi yake kallo. Ƙirjinsa ya buɗe. Ya nuna ta da yatsa.

"Saratu, na sake ki!"

Kasuwa ta ɗauki salati. Saratu ta ɗago kai ta dube shi, ba ta yi kukan da aka ce ta yi ba. Wata tsohuwa mai daddawa, Tanimun, ta taso da gudu ta kama masa riga.

"Ɗana, don Allah tsaya nan! Guda ana gyarawa. Rufe bakinka, kada shaiɗan ya ƙara maka!"

Da mai hankali ne ya ji wannan, da ya farka. Mutari kuwa hawayen tsohuwar ya gani, daɗi ya kama shi. Ga mai kallo ta shigo cikin wasa da kanta, abin da 'yan Yamai ke nema ba su samu ba. Ya fizge rigarsa, ya ƙara murya don na bayan raƙumi su ji.

"Na sake ki, na ƙara! Saki uku, Saratu, ba ni ba ke!"

Sannan ya haye buhunan gero, ya zaro hula ya kafa a karkace, ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, ku kwantar da hankali! Teyatur ne! Wasa ne irin na Yamai! Yanzu kowa ya faɗi abin da ya gani."

Ba wanda ya tafa. Wani malami mai sayar da turare da tazbaha, Malam Halilu, ya matso a hankali yana gyara rawani.

"Samari, sauko mu ji. Wagga baiwar Allah, 'yar wasa ce ko matarka?"

"Matata ce, Malam. Ai nan gwanintar take."

"Ta aure, da sadaki da shaidu?"

"Ƙwarai."

"Sunan da ka kira, nata ne?"

"Nata ne. Mu ba mu canza suna."

"An tilasta ka? Ko ka sha wani abu?"

"Ni? Da hankalina garau!" Har da bugun ƙirji.

Malam Halilu ya juya ga jama'a. "To kun ji. Ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani. Ni dai saki uku na gani."

Aka yi ta "mu ma shi muka gani". Mutari ya diro yana rantsuwa, yana kawo sunayen mutanen Yamai da ba wanda ya san su. Ya ce a tambayi Saratu, ai ta san shiri ne. Saratu ta riga ta juye sauran furar wa Tanimun a kwano, ta kife ƙwarya, ta ɗaure ta cikin zane.

"Faɗa musu mana!"

"Na tambaye ka mi za ka ce," in ji ta. "Ka ce abin da ya zo baki." Ta juya ga tsohuwar. "Inna, ina ake shiga motar Malbaza?"

Bai haƙura ba. Ya bi malaman Illela, ya bi na Konni, har ya tsallaka iyaka wai ko na Najeriya sun fi sauƙi. Duk inda ya je tambayoyin Malam Halilu ake maimaita masa, shi kuma ba ya iya ɓoye cewa da hankalinsa ya yi, don a nan yake ganin gwanintarsa. Ya je Malbaza da goro, uban Saratu ya bar shi tsaye a ƙofar gida. Ya ce masa, "Ɗiyata ba kayan wasa ba ce. In ka matsu, ga Labo can." Ashe labarin zanen Labo ya riga shi isowa.

Da ta gama idda, wani direban da ke ɗaukar siminti, Munkaila, ya aure ta. Mutari ya yi ta baza wa mutane cewa auren na ɗan lokaci ne, za ta fito ta dawo. Ta haifi na fari yana faɗa, ta haifi na biyu yana faɗa.

Samariya ta mutu bayan da mulki ya canza, Na'Allah ya tsufa ya bar wasa. Mutari ya koma kabu-kabu da babur ɗin wani, tsakanin tasha da bakin iyaka. Hular tana nan, ta koɗe ta zama kalar ƙasa, rigar kuwa ba mai wanke ta. In ya ɗauki baƙo, kafin su kai duwan, wurin 'yan kwastan, ya ba shi labarin ranar da ya tsayar da kasuwar Illela cak, har tsohuwa ta yi kuka da hawaye. Yakan ce mutanen ƙasar nan ba su san teyatur ba, shi ya sa. In baƙon ya tambayi ina 'yar wasan take yanzu, sai ya murɗa mai ya ce hanya ba kyau, a riƙe da kyau.