Tafiya da Baya

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jerawa da Hajiya a hanya ba, Allah ya jiƙanta. Ni a gaba, ita a baya. Haka muka ga ana yi a Kano, haka muka taho da abinmu garin Lanham a ƙasar Turawa, lokacin da 'yarmu mai aikin jinya a Largo ta ɗauko mu.

A nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sami Hajiya. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma ƙafar hagu ta ƙi jin magana. Likita ya ce sai ta riƙa takawa kullum wani na riƙe da ita, in ba haka ba ita da keken marasa lafiya har abada. 'Yar tana wurin aiki. Ni ne a gida, ba abin da nake tsinanawa sai canza tasha. Amma ko yaushe na miƙa hannu sai ta ce, "Alhaji, da girmanka? Bari yarinyar ta dawo." Yarinyar ta dawo a gajiye, a ɗan zaga falo, shi ke nan. Ƙafa kuwa sai ƙara nauyi take.

Wata Lahadi da yamma 'yar ta ce an ba ta tikiti a wurin aiki, za mu kallon wata rawa wai ita tango. Ni da ban wuce aji uku ba, na sa babbar riga na gyara hula kamar ni na ƙirƙiro rawar.

Makaɗa cike da dandamali, duk da baƙaƙen kwat kamar lauyoyi. Goge iri-iri, wani har ya fi ni tsayi. Shugabansu ya juya mana ƙeya yana kaɗa ɗan tsinke. Na ce wa Hajiya, "Wannan aikin ko ni zan iya."

"Yi shiru, kar ka ba mu kunya."

Wani dattijo ya ɗora akwati a cinya, yana ja yana matsewa kamar zugazugin maƙera. Kukan da ke fita daga ciki, wallahi kamar mutum ne ke kiran wanda ya riga ya yi nisa. Surutuna ya ƙare.

Sai ga mace da namiji sun fito manne da juna. Na yi a'uzu billahi na sunkuyar da kai, amma ido ɗaya ya ƙi tuba. Ashe yawancin rawar tafiya ce. Shi yana takowa, ita tana ja da baya, ba ta ko waiwaye. Wani lokacin su tsaya cak, ya jira har ƙafarta ta gama jan ƙasa ta iso. Na saci kallon Hajiya. Ita ba ta sunkuya ba.

Da aka tashi, 'yar ta bar mu a wani dogon baranda ta tafi ɗauko mota. Hajiya tana zaune a kekenta tana kallon gabanta ta ce, "Ashe jan ƙafa ma tafa masa ake."

"Ai kin fi ta iyawa."

Ta harare ni. Can sai ta ce, "Danne birkin keken nan."

Na danne. Ta miƙo hannu biyu, a gaban Turawa da kowa. Na tsaya a gabanta na riƙe, ta miƙe. Tana takowa, ni ina ja da baya.

"Kai ne macen ke nan."

"Na yarda. A ɗaura mini ɗankwali."

"Daina kallona."

"In kalli ina, Hajiya?"

"To yi hagu, akwai bango a bayanka, sarkin rawa."

Ban san akwai ɗan tabo a ƙarƙashin girarta ba sai ranar. Muka kai har bakin ƙofa.

Daga nan kullum da hantsi muna takawa daga falo zuwa kicin, labule a sauke, da sharaɗin kar yarinyar ta ji. Ƙafa ta saki a hankali, har aka ba ta sanda, ta sallame ni daga aiki. Ban taɓa jin haushin wani abu kamar sandar nan ba. Wani lokacin takan ɓace a cikin gidan. Hajiya ba ta taɓa tambayar inda ta shiga ba, sai dai ta ja tsaki ta miƙo hannu biyu.