Kuloli Goma Sha Ɗaya a Gidan Iliyasu

Iliyasu direban tirela bai mutu ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya soma yi masa addu'ar mamaci. Yana nan unguwarmu ta Glenwood a ƙasar Turawa, gida na huɗu daga nawa, jiya ma tare muka yi azahar. Abin da ya rasa tirelarsa ce, wadda ya yi shekara goma sha ɗaya yana ciyar da iyalinsa da ita. A masallaci ana cewa ƙaddara ce. Ban musa ba. Amma na san hannuwan da ƙaddarar ta biyo, kuma ɗaya daga ciki nawa ne.

Ni na ɗauko shi daga filin jirgi a shekarar 2009, don mahaifinsa maƙwabcina ne a Funtuwa. Siririn yaro ne a lokacin, sai da ya sa ƙusa ya ƙara wa bel ɗinsa huji biyu kafin wando ya zauna. A gida ƙafarsa ce motarsa, daga unguwa zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa filin ƙwallo. Ya yi shekara huɗu yana ɗaukar kwalaye a wani sito, sannan ya samu lasin babbar mota, ya je gida ya auro Hanifa. 'Ya'yansu uku, babbar sunanta Ilham.

Aikin tirela a ƙasar nan zama ne. Awa goma, awa goma sha ɗaya, mutum yana kan kujera guda, ba abin da ke motsi sai idonsa. Inda suke tsayawa shan mai kuwa duk abincin da ke jiransu soyayye ne, kofin lemon ya kai girman butar alwala, in ka shanye ka sake cikawa kyauta. Iliyasu mai kiyaye addini ne. Ba ya cin naman da bai san yankansa ba, don haka a hanya abincinsa soyayyen kifi ne da soyayyen dankali, da fanken Turawa mai suga a bisa, da shayin sanyin nan mai zaƙi da mutanen jihar nan ke sha kamar ruwa. Na sha ganinsa a kanti ya juya kwali yana bin rubutun baya da yatsa. Abu biyu yake nema, alade da giya. In babu su sai ya yi hamdala ya jefa a kwando. Layin da aka rubuta yawan suga da gishiri yana nan dab da yatsansa, bai taɓa tsayawa a kai ba. Ni ma ban taɓa ba.

Yana ƙaruwa, muna yabawa. Kowace Sallah sai an ƙara wa telansa yadi. Tun kafin ya je Makka muka soma ce masa Alhaji saboda tumbi. Ni da bakina na dafa kafaɗarsa na ce ƙasar ta karɓe shi, na sa aka ɗauke shi hoto aka tura wa mahaifiyarsa, ita kuma ta aiko a gode wa Hanifa don ta iya riƙon miji. Mu ne fa masu zama bayan sallar Juma'a muna yi wa mutanen ƙasar dariya, wai suna zagaya filin ajiye motoci sau uku don neman gurbi kusa da ƙofa, wai abinci ma ta taga ake miƙo musu cikin mota. Muna faɗa muna kurɓar lemo, kowa da makullin motarsa a aljihu. Wanda ya fi kowa dariya a cikinmu, daga ƙofar gidansa a unguwar Pleasant Garden zuwa akwatin wasiƙunsa da mota yake zuwa. Ƙibarsu muna ce mata lalaci, tamu muna ce mata hutu.

Doka ce a nan, direban babbar mota sai likita ya duba shi ya sa hannu a wani kati, in babu katin babu tuƙi. Bara cikin azumi Iliyasu ya je sabunta nasa. Sikeli ya nuna laba ɗari uku da 'yan kai, kusan kilo ɗari da arba'in, jininsa ya hau, suga ma ya soma. Likita ya rubuta masa magani, ya ba shi katin wata uku kacal, ya ce in ya dawo ƙarshen Yuni jinin bai sauka ba, ba zai sa hannu ba. Duk wannan daga baya na sani. A lokacin Hanifa kaɗai ya gaya wa, ya kuma haɗa ta da Allah kada ta faɗa wa kowa. Wai magidanci ba ya tallar ciwonsa, wai kada a ji aikinsa na rawa.

Hanifa a gidan kula da tsofaffi take aiki, ta ga ƙafafun da suga ya cinye, ba ta ɗauki maganar da wasa ba. Ta kwashe lemon gidan ta zubar. Ta rage mai da dunƙulen magi, ta koma wake da alayyafo da zogale da dafaffen kifi, tana ɗaure masa guzurin kwana huɗu in zai hau hanya. Shi kuma in ya tsaya hutawa sai ya zagaya tirelar sau ashirin. Da farko kowa ya ce azumi ne. Sallah ta wuce da wata guda, sai ga rigarsa tana yawo a jikinsa, wuyansa ya fito.

Wata Juma'a aka tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya lau. Hankalina bai kwanta ba, na bi shi gida. Na tarar da shi gaban faranti, ganye ne rabinsa, sai ɗan yankin kifi fari fat, ba ko ɗigon mai. Hanifa tana kicin, taku biyar daga inda nake. Da na ɗaga murya na tambaye ta, da ƙila ta ba ni amsar da zan gane. Ban tambaya ba, don a ganina babba ba ya tuhumar matar ɗansa. Sai na fita na je na gaya wa Hajiya Aishatu, shugabar ƙungiyar matanmu. Wato abin da na ji kunyar faɗa wa mutum ɗaya, na faɗa wa mata arba'in.

Kafin magariba sun gama shari'ar a guruf ɗinsu na waya. Wasu suka ce aiki ne ya tsaya masa yake ɓoyewa. Wasu suka ce Hanifa ce ta waye, ta mai da miji akuya. Aka yanke cewa ba za a zuba ido ɗan mutane ya lalace a ƙasar wasu ba, kowane gida zai aika kula bi da bi, duk ranar da yake gari. An san al'adarmu. Abincin da aka aiko ba a mayar da shi, kuma in babba ne ya kawo, a gabansa ake buɗewa.

Ni na kai ta farko. Soyayyiyar shinkafa ce ta mai ɗakina da kaza, mai yana ƙyalli, da fanke cike da leda, da katan ɗin lemo. Na zauna na buɗe na ce masa bismillah.

Hanifa ta fito bakin kicin ta ce, "Baba, ai ya riga ya ci abinci."

Na ce, "Na ga abincin. Kawo cokali biyu."

Iliyasu ya dube ta, ya dube ni, ya karɓi cokali. Ban tashi ba sai da na ga gindin kular. Na koma gida ranar ina jin na riƙe amanar mahaifinsa.

Kuloli suka yi ta zuwa. Waina da miyar taushe, taliya da manja, farfesun kayan ciki, dambun nama. Hanifa ta roƙe shi ya fito ya faɗi gaskiya, ya ƙi. Sai ta soma miƙa abincin ta bayan danga ga maƙwabcinsu Gregory, wani dattijo da ke zaune shi kaɗai. Ba a yi sati biyu ba wata mai kawo tata kular ta hango Gregory a barandarsa yana cin waina daga kular Hajiya Aishatu, mai sunan Hajiya a murfi. Washegari maganar ta isa Funtuwa. Mahaifiyar Iliyasu ta bugo tana kuka, wai an ce matarsa na hana shi abinci tana ciyar da wani namiji.

Daga ranar ya ce duk abin da ya shigo gidan shi zai ci, kuma a gaban wanda ya kawo. Ya ce gara ya ci da a ɓata sunan uwar 'ya'yansa. Na yarda da wannan dalilin, amma ba shi kaɗai ba ne. Mutumin da ya yi wata biyu yana cin dafaffen kifi, in an ɗora masa waina dole, dolen ba ta yi masa ɗaci sosai. Zagayen tirela ya tsaya. Lemo ya dawo firij. Sannan Babbar Sallah ta faɗo saura kwana tara a koma wurin likita, kowane gida da ya yi layya ya aiko da soyayyen nama, gishiri da kitse. Ranar idi muka kewaye shi muna cewa ga Alhajinmu ya dawo. Hajiya Aishatu ta ce wa Hanifa a gaban mata to yanzu ta ga yadda ake riƙon miji. 

Ranar komawa wurin likita, da hantsi, ta ƙwanƙwasa ƙofata da kayan aikinta a jiki. Ta gaishe ni yadda ta saba, har da rusunawa. Sannan ta gaya mini komai a tsaye, katin wata uku da hawan jini da alkawarin da aka sa ta yi.

Ta ce, "Yau na karya alkawarin, Allah ya yafe mini. Baba, kai za ka raka Baban Ilham. Kai ka ciyar da shi, kai ya kamata ka ji sakamakon."

Na raka shi asibiti. Nas ta naɗa masa abin awo a damtse, ta duba, ta ce ya huta minti goma. Ta sake aunawa. Ta canja hannu ta sake. Ni ban san lambobin nan ba, amma na san fuskar mutum in yana neman hanyar taimako bai samu ba. Likita ya shigo ya duba takarda, ya tambaye shi me ya faru, don ya ga a tsakiyar Mayu asibitin da ke ba shi magani sun rubuta cewa jinin ya sauka sosai. Iliyasu ya ce 'yan uwa ne suka yi ta kawo abinci. Likitan ya tambaya ko 'yan uwan ba su san ba shi da lafiya ba. Iliyasu ya sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar. Likita bai sa hannu ba. Ya ce in jinin ya sauka ƙofa a buɗe take, amma kamfanin da Iliyasu yake yi wa tuƙi bai jira ba, cikin sati suka ba wani motar.

Ina fushi da shi, kuma na gaya masa. Kalma huɗu da zai faɗa a masallaci da sun tsare masa aikinsa, ya zaɓi kunya. Ina fushi da ƙasar da lemo ya fi ruwan gora araha a wasu wurarenta, ta zaunar da mutum awa goma sha ɗaya sannan ta auna shi ta ce ya yi nauyi. Amma ƙasar ba ta shiga falonsa da cokali biyu ba. Mu da muka baro inda rama ke nufin yunwa, mun zo inda ƙoshi ke kwantar da mutane a asibiti, shekara ashirin, talatin, idonmu bai canja ba. Mace ɗaya ce ta gani a cikinmu, ita muka yi wa ƙazafi.

Kuloli goma sha ɗaya na tarar a jere a kicin ɗin Hanifa, ta wanke su ta rasa fuskar da za ta mayar. A wurinmu ba a mayar da kwano haka nan, ko sabulu ne sai an saka a ciki. Na nemi izinin Iliyasu in faɗi abin da ya faru, ya ce yanzu me ya rage a ɓoye. Na kwashe su cikin buhu biyu, na yi kwana uku ina bin gidaje, wasu a bas, wasu jikata ta kai ni. Kowace na mayar da ita wayam. Duk wadda ta buɗe ta ga ba komai ta dube ni, sai in gaya mata dalili, in ce kuma akwai matar da ke jiran a nemi gafararta.

Hajiya Aishatu ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Malam, mu fa alheri muka yi."

Na ce, "Na sani, Hajiya. Ni na fara kaiwa."

Mata uku suka je wurin Hanifa. Hajiya ba ta cikinsu. Mahaifiyar Iliyasu kuwa har yau in ta gan shi a waya sai ta tambaya ko ana ba shi abinci.

Yanzu ya koma ɗaukar kwalaye a sito, yana da shekara arba'in da huɗu, albashin bai kai rabin na da ba, Hanifa ta ƙara kwanakin aiki. Kullum da safe ni da shi muna zagaya unguwa a ƙafa, mu wuce ɗaliban da ke jiran bas, mu dawo ta bayan jami'a. Ba ma yawan hira. Ya sauke laba arba'in. Sau ɗaya ya koma wurin likita aka ce saura kaɗan, bai sake komawa ba tukuna, ni kuma ba na matsa masa.

Juma'ar da ta wuce muna neman takalma a ƙofar masallaci, sai mai gidan nan na Pleasant Garden ya riƙe hannun Iliyasu ya ce ya ga ya rame, ko lafiya. Na buɗe baki zan amsa, Iliyasu ya riga ni.

Ya ce, "Hawan jini gare ni da suga, Alhaji. Likita ya ce in rage."

Da ƙarfi ya faɗa, mutum shida ko bakwai suka ji. Alhajin ya ce Allah ya sawwaƙe. Sannan ya ce to ranar Asabar ta sama akwai walimar sunan jikansa, za a yanka rago biyu, kada Iliyasu ya kuskura ya ƙi zuwa, a zo da iyali a ci a ƙoshi. Iliyasu ya ce in Allah ya yarda. Ni kuwa na riga na gaya wa Hanifa ta zuba mana wake da alayyafo a ƙaramar kula, cokali biyu. A tsakiyar taron zan buɗe ta, kuma ina jiran wanda zai yi dariya.