Kawu Cokali da Wata Bakwai na Wankin Ganguna

Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin injin kwaɓi ya fara ruri, Kawu ya riga ya rataye rigarsa a ƙusa, ya sa farar rigar aiki, ya shige ɗakin mai. Sai ya duba ma'aunin zafi da ke jikin bango, sannan ya bi ganguna ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe murfi, ya zaro cokalin da ke aljihun ƙirjinsa, ya lakato mai, ya murza tsakanin yatsu biyu. In ya ji santsi, ya gyaɗa kai. In ya ji tsaki-tsaki kamar yashi, ya ce, "Ke ba ki gama barci ba," ya mayar da murfi. Eh, da ganguna yake magana! Shekara ashirin da takwas ke nan yana wannan aiki a kamfaninmu na biskit, kuma ranar Alhamis mai zuwa zai yi ritaya.

Kowa Kawu yake ce masa, har manaja da suke sa'anni. Ni ce shugabar sashen kwaɓi, duk man da ya fito daga hannunsa wurina yake zuwa. Na ce zan rubuta masa jinjina, sai ga shi alƙalami ya yi mini nauyi, don babu yadda zan yabe shi ban tona wa kaina asiri ba.

Da can, da daskararren mai muke yin biskit, irin wanda ake ɗaukar man ruwa a sarrafa shi a masana'anta har ya yi tauri. Mai daɗin aiki ne, ba ya gardama, ba ya saurin lalacewa. Wata rana 'yar Kawu, ma'aikaciyar jinya ce, ta karanta bayan fakitinmu ta ce, "Baba, kun san abin da kuke ba yara kuwa?" Ta yi masa bayanin kitsen da ke samuwa wajen daskarar da man, wanda likitoci ke kira tirans, da yadda yake taimakawa wajen toshe hanyoyin jinin zuciya a hankali. Mu kuwa rabin biskit ɗinmu jakunkunan 'yan makaranta yake ƙarewa.

Tun daga ranar Kawu ya hana manaja sakat. Ya ce a koma tataccen manja, wanda aka cire masa ja da ƙanshi, tunda shi da kaurinsa Allah ya yi shi, ba ya bukatar a daskarar da shi. Manaja ya ce, "Kawu, yanzu kuma likita ka zama?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ce magani ne ba. Kitse ne, a ci shi da hankali. Amma waccan masifa babu ita a cikinsa." Shekara guda yana naci kafin a ce to, a gwada.

Sai dai manja yana da hali. In an narkar da shi an sanyaya, dole ya kwana biyu cur a ɗakin mai kafin a taɓa shi. In aka yi gaggawa, bayan 'yan makonni sai fari-fari ya fito a fuskar biskit, abin da muke kira furfura. Kawu ya tara mu ya faɗa, ya maimaita, har muna hamma. Kowace ganga ya rubuta mata ranar tashinta da alli.

A mako na uku, mota na jiran kaya a ƙofa, direba na ta danna oda, man da ya isa aiki ya ƙare, Kawu kuma ya tafi sallar azahar. Na shiga ɗakin mai, na ga ganguna huɗu da aka zuba a safiyar nan. Na ce a raina, haba, mai ai mai ne, wane irin barci! Na sa hannun rigata na goge allin, na sa aka gangara da su sashena. Wallahi har daɗi na ji da na ga motar ta tashi a kan lokaci.

Bayan wata guda katan-katan suka fara dawowa. Masu shaguna suka ce biskit ɗinmu ya yi fumfuna. Manaja ya tara mu a ofishinsa, ya zazzage fakiti a kan tebur, ya ce, "Kawu, ga manjanka!" Ina tsaye kusa da taga. Kawu ya ɗauki guda ɗaya, ya juya shi, ya kalle ni sau ɗaya tak. Sai ya ce, "Ɗakin mai a hannuna yake, ranka ya daɗe. Alhakin yana wuyana."

Ni kuwa na yi tsit. Shiru na yi, jama'a, kamar an ɗinke mini baki.

A ranar aka karɓe masa mabuɗi, aka tura shi bayan kamfani wankin ganguna. Aka dawo da tsohon mai. Ma'aikata suka sauya masa suna daga Kawu Cokali zuwa Kawu Furfura, in ya wuce da bokiti a ce, "Likita, ya aka ji da marasa lafiya?" Ana dariya ni ma ina yaƙe. Kullum da safe sai ya gaishe ni, "Ɗiyata, an tashi lafiya? Ya yaran?" Da ma zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Wata bakwai ya yi a can, hannayensa duk sun tsattsage da ruwan soda. Mai gadi ya shaida cewa duk ranar Litinin sai Kawu ya tsaya a ƙofar manaja, hula a hannu, yana roƙon a ba shi kwaɓi ɗaya kawai, da sharaɗin mabuɗin ɗakin mai ya kwana a aljihunsa. Da manaja ya gaji, ya ce, "Je ka yi, ka ƙyale ni in sha iska!" Aka yi, aka ajiye biskit wata uku a sito, ko ɗigon fari bai fito ba. Daga nan ne tsohon mai ya bar kamfaninmu, yau shekara tara.

Kawu, kai ne ka ɗauki laifin da ba naka ba, ka wanke ganguna da furfurarka a gaban waɗanda ka koya wa aiki. Kai ne ka tsaya wa yaran da ba su san sunanka ba, ba kuma za su taɓa sani ba. Mai haƙurin ɗakin mai, uban masu gaskiya!

Makon jiya na kasa daurewa, na same shi yana nuna wa magajinsa yadda ake murza mai. Na ce, "Kawu, ni ce na..." Ban ƙarasa ba ya ce, "Na sani, ɗiyata. Ai da na dawo daga salla na ga alli a hannun rigarki." Na ce to me ya hana shi faɗa? Ya ce a lokacin maigidana na kwance a asibiti, ga yara huɗu, in ya buɗe baki korata za a yi.

Hawaye ya ɓalle mini, na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Tashi, tashi, nawa na yafe tun a ranar. Wankin ganga ai ba ya kisa." Sai ya ƙara da cewa, "Abin da ke damuna shi ne wata bakwan nan da yara suka ci gaba da cin tsohon mai. Kin yi shiru, ni ma na yi shiru. Wannan ban san wanda zai yafe mana ba."

Mana ya ce. Ya sa kansa a ciki.

Na gode, Kawu. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka. Ku kuma masu karatu, ku yi koyi da shi wajen tsaya wa abin da mutane za su sa a bakinsu, ko da za a yi muku dariya. In kuwa a wurin aikinku akwai wanda ke ɗauke da laifinku a yanzu haka, ku tashi ku faɗa yau. Ni sai da na yi shekara tara.