Kwalbar da aka dire a gaban surukina

Jama'a, yau saura ƙiris mutuncina ya zube!

Na kai surukina Alhaji sabon gidan abincin Italiya na Gwammaja ya ɗanɗana taliyarsu. Wuri ya cika maƙil. Muna zama aka dire mana koriyar kwalba mai dogon wuya.

Alhaji ya haɗe rai. "Sani, gidan giya ka kawo ni?"

Duk jama'ar wurin suka juyo suna kallonmu!

Ma'aikacinsu ya rugo. "Wallahi Baba, man zaitun ne, burodi ake dangwalawa."

Alhaji ya sansana, ya tsiyaya a tafinsa. Ya yi bisimilla, ya naɗe wando, ya mulke gwiwarsa mai ciwo.

"Magani guda kuke ci da burodi? Almubazzarai!"