Irin Geron Mahaifina da Ƙurar Taurari

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa domin shuka, ya jera taurari a sama su zama alamu ga mai lura. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ni mutumin wani ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Yekuwa. Abu biyu na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa: wasu takardu na lissafin taurari da ya rubuta da hannunsa, da kuma irin gero. Takardun su ake dubawa a san tauraron da ake ciki da kwanakin da suka dace da shuka. Farkon abin da ya koya mini shi ne tauraro ba ya saukar da ruwa. Alama ce kawai ta lokacin da Allah ya saba saukar da shi. Geron kuwa mai doguwar zangarniya ne, yana son damina cikakkiya, kuma furarsa tana da zaƙin da ban ji a wani gero ba. Daga kakanmu ya zo.

Fiye da shekara talatin, idan ruwan farko ya sauka, mutanen gari sukan taru a zaurena su tambaya: a shuka ko a dakata? In duba takarda, in tona ƙasa in ga inda danshi ya kai, in faɗi abin da na gani. Mafi yawan lokaci Allah yakan rufa mini asiri. Daga baya damina ta daina bin lissafi. Shekara biyu a jere na ce a shuka, shuka ta tsiro, ruwa ya ɗauke, ta ƙone. Abin da ya rage mini na irin mahaifina a shekara ta uku tiya huɗu ne, a cikin wata tukunya da na liƙe bakinta da laka.

A wannan bazarar ɗana na fari ya zo ganin gida. A al'adarmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya doguwar magana da shi. Haka muka rayu. Tun yana ƙarami aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, ya wuce Damagaram, ya wuce Yamai, daga nan ya ƙetare teku. An ce mini aikinsa auna ƙura da iskar da ke tsakanin taurari. Ban taɓa tambayarsa ma'anar wannan ba.

Kwana biyar da zuwansa ruwa ya sauka da hantsi. Na tona ƙasa, danshi bai wuce tsawon tafin hannu ba. Bisa takarda lokacin shuka ya yi, domin mun shiga tauraron da mahaifina ya rubuta a gefensa cewa wanda ya wuce shi ya makara. Mutane suka zo, na ce su ba ni zuwa la'asar.

Ƙanena, wanda ba ya iya riƙe magana, ya tsaya bayan sun watse.

"Yaya Malam, kana da ɗan da ake biya don ya auna sama, kana nan kana ƙirga kwana da yatsa?"

"Ka san ba na irin wannan magana da shi."

"Na sani. Shekara arba'in kana jin kunyarsa, yana jin taka. Iri kuwa ba ya jin kunyar kowa, ƙonewa zai yi."

Na ce ya je ya tambaye shi a madadina. Ya je, ya dawo ya ce yaron ya roƙi ya zo da kansa. Bayan azahar yaron ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Na kasa fara abin da ke raina, sai na ce, ina duban bango, a nuna mini wannan aiki da ake faɗa.

Ya buɗe na'urarsa ya miƙa wa ƙanena, ƙanena ya miƙo mini. Na ga wani abu mai haske, zagayayye, da hannuwa masu murɗewa daga tsakiya zuwa baki, kamar saƙar faifai.

"Gari ne na taurari, Baba," in ji shi. "Mu ma a cikin irinsa muke. Farin zanen nan da ke ratsa sama, shi ne namu faifan, muna kallonsa ta gefe."

Na san zanen, yana cikin littattafan da na karanta. Na tambaye shi mene ne wasu baƙaƙen layuka da na ga suna bin hannuwan.

"Ƙura ce. Ta fi hayaƙi laushi. Idan hasken tauraro ya bi ta cikinta sai ya ragu ya yi ja, kamar rana idan an dube ta ta cikin hayaƙin sharar gona. Da yawan raguwar muke gane yawan ƙurar. Inda ƙura take kuwa akwai iska mai tsananin sanyi, ita ma muna auna ta."

"Da idonka kake gani?"

"A'a. Lambobi ake aiko mini daga wasu manyan na'urori da ke kan dutse, a wata ƙasa da ba a cika ruwa ba."

Ƙanena ya fashe da dariya. "Ba a cika ruwa ba! Ai da nan suka kawo su, da ka riƙa kwana a gida."

Na tambayi amfanin sanin yawan iskar. Ya ce daga ita da ƙurar ake halittar sababbin taurari, da ikon Allah, don haka wanda ya auna ta ya san abin da ya rage wa garin. Ya nuna mini wani hoton, mai launin rawaya, sumul, babu baƙin layi ko ɗaya.

"Wannan ya ƙarar da tasa. Yana nan yana haske, zai daɗe yana haske, amma ba a haihuwar sabon tauraro a cikinsa."

"Tana dawowa?"

"Wani lokaci, idan ta zubo masa daga waje. Mafi yawa ba ta dawowa."

Na daɗe ina duban hoton. Sa'an nan na yi abin da ban taɓa yi ba: na juya na dubi fuskarsa. Na ga furfura a gemunsa, wadda ban san da ita ba. Na ce masa tiya huɗu suka rage, kuma mutane za su dawo da la'asar. A shuka ko a dakata?

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi, Baba, ban sani ba. Abin da nake aunawa haskensa ya baro wurinsa tun kafin a haƙa rijiyar farko a ƙasar nan. Ba ruwansa da hadarin gobe. Na duba abin da masu hasashen yanayi suka ce, suna sa ran ruwa cikin mako, amma su ma sukan kuskure. Da za ka ji tawa, ka shuka biyu ka ajiye biyu."

Shawara ce mai kyau, na san haka tun a lokacin. Amma mutanen da za su zo ba su da abin rabawa biyu. Wasunsu abin da ke ƙullin zanen matansu shi ne duka. Idan na ce su dakata, na saɓa wa takarda ba da hujja ba, kuma gero ya makara. Idan na ce su shuka, ni kuma na ɓoye rabin nawa a tukunya, na sa su a hanyar da ban yarda da ita ba. Ni ne limaminsu, ban ga yadda zan tsaya gabansu in ja salla da wannan a zuciyata ba.

Da la'asar na ce a shuka. Washegari muka fasa lakar tukunya, muka kwashe tiya huɗun duka. Ɗana ya karɓi sungumi ya yi ta saran rami har tafin hannunsa ya ɗuri ruwa, ina binsa ina zuba iri ina takewa. Kafin ya koma ya roƙi izini ya ɗauki hoton takardun kakansa, shafi bayan shafi, na ba shi.

Shuka ta tsiro kyakkyawa. Ruwa ya ƙara sauka sau ɗaya, yayyafi, sa'an nan sama ta washe fiye da mako uku. Muka fita roƙon ruwa sau biyu. Ina zuwa gona kowace safiya ina ganin ganye yana naɗewa, har ranar da na murza shi a hannu ya zama gari.

Na hau amalanke na zaga gidajen da na san mahaifina ya taɓa ba su irin, har Guci da Mallawa. Wasu sun cinye a shekarun yunwa, wasu sun koma ga gajeren gero mai saurin nuna da ake samu a kasuwa. Wata tsohuwa ta tuna zaƙin furarsa, amma ba ta da ko ƙwaya. Ni ma gajeren na shuka da ruwa ya dawo, kuma shi muke ci.

Babu wanda ya zage ni. Suna gaishe ni kamar da, suna bina salla. Sai dai da ruwan farko ya sauka a shekarar da ta biyo, na shimfiɗa tabarma a zaure na ɗauko takardu, na zauna har la'asar, ƙanena kaɗai ya shigo. Samarinmu sun fi yawa a Kano da Agadas. Tukunyar tana nan a bayan ɗaki, kaji na ƙwai a ciki. Ɗana yakan kira ƙanena a waya ya ce a gaishe ni, in ce ina amsawa.

Ya Allah, wanda ya karanta wannan, ka sanya albarka a rumbunsa da zuriyarsa, ka kiyaye masa abin da iyayensa suka bar masa, ka shayar da gonarsa a kan lokaci, ka cika mu da imani, mu da shi da mutanen gidansa. Amin.